Aikin gurup a waya, malami ke ɗaukar dakon

Jama'a ina son mu duba wanga abu da ake yayi yanzu a makarantunmu nan Sakkwato, raba ɗalibai gurup-gurup su riƙa aiki tare ta WhatsApp ko Google Classroom. Wallahi ban ƙi abin ba, yarinyar da kunya ke hana ta ɗaga hannu a aji sai ka ji ta saki jiki tana bayani ta saƙon murya. Amma ba wanda ke tambayar halin da malami ke ciki.

Tun da korona ta sa aka rufe makarantu a 2020 abin ya shigo, an koma aji amma gurup bai rufe ba, sai aiki ya zama biyu. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ɗalibai 40 a sakandare, mu kuwa mun san ajin da ya ninka haka. To raba su shida-shida ka ƙirga gurup nawa ke nan, kuma dole Malam yana cikin kowanne, in ba haka ba a bar karatu a koma sitika da gardamar ƙwallo. Sha ɗayan dare waya na ƙara, "Malam fayil ɗin ya ƙi buɗewa", "Malam wane bai taɓuka komai ba".

Inda abin ya fi ciwo shi ne ba da maki. Mutum biyu suka yi aikin, ɗaya ya kwaso daga ChatGPT, manhajar da ke rubuto ma mutum amsa, wata kuma ba lalaci ba ne, wayar babanta take jira sai ya taso kasuwa bayan isha'i, to malami mai tsoron Allah sai ya bi saƙonni ɗaya bayan ɗaya yana neman wa ya rubuta mi don kada ya zalunci ɗan wani, ga makin jarrabawa na jiransa ga lesin not na gobe bai rubuta ba.

Data kuma daga aljihunsa, bayan ƙarin kashi 50 na kuɗin kira da data da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da shi a 2025. Ba wuta, zafin Afrilu ya haura digiri 40, sai ya kai wayar shagon caji.

Shugabannin makarantu, don Allah in kuna son wanga tsari ku rage ma malamin firiyod, ku ba shi kuɗin data duk wata, a samu mai kula da matsalar na'ura daban. Iyaye ku ma ku ja kunnen yara, bayan isha'i a bar Malam ya huta da iyalinsa.