Hukuncin na nesa da hukuncin na kusa

Mu mazauna ƙasashen waje, in muka zauna tattauna al'amuran gida, manyan kalmomi ne ke cika mana baki: adalci, bin doka, haƙƙin ɗan Adam. Kira wanda ke can kuwa, sunan mutum za ka ji, da abin da ya same shi jiya. Batu ɗaya ne, amma hukuncinmu ya fi nasu tsauri.

Masana halayyar ɗan Adam, Yaacov Trope da Nira Liberman, sun daɗe suna nazarin wannan. Abin da ke nesa da mutum, ko a wuri ko a lokaci, a dunƙule yake ganinsa, na kusa kuma dalla-dalla. A wani bincikensu na 2008 tare da Tal Eyal, mutane sun fi tsananta hukunci kan laifin da aka ce sai an daɗe zai faru, fiye da wanda zai faru nan kusa.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Richard LaPiere, wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, wanda ya wallafa a 1934. Ya zaga Amurka da wasu ma'aurata 'yan Sin, lokacin ana tsananin ƙyamar mutanen Asiya. Sun shiga otal-otal da gidajen cin abinci kusan 250, wuri ɗaya kacal aka kore su. Daga baya ya rubuta wa wuraren wasiƙa: za ku karɓi 'yan Sin? Sama da kashi 90 cikin 100 na waɗanda suka amsa suka ce a'a. A takarda ƙabila suke gani, a bakin ƙofa kuwa mutum biyu ne tsaye da kayansu, sun gaji da tafiya. Haka aka yi shekaru ana lissafa matattun yaƙin Siriya, amma sai da hoton gawar Alan Kurdi, ƙaramin yaro ɗan gudun hijirar Siriya da ya nutse a teku, ya fito daga gaɓar tekun Turkiyya a Satumbar 2015 zukatan mutanen Turai da yawa suka motsa.

Kusanci ma da nasa illar, shi ke sa a yafe wa ɓarawo don ɗan uwa ne. Sai dai illar nesa ta fi damuna, domin ita muke ɗauka wayewa. Muna kira a rushe, a kora, a ɗaure, alhali ba mu san fuskar ko ɗaya daga waɗanda abin zai faɗa wa ba, kuma ba mu ne za mu kwana da sakamakon ba.