Minti ashirin da biyar

Ni dai a sanina, jirgin ƙasa a Ingila ba ya son dogon shiri: ka iso saura minti biyar, ka nuna tikiti, ka shige. Da wannan ilimin na tunkari jirgin Eurostar mai zuwa Paris daga Landan, har da tsayawa sayen shayi a hanya kamar mai zuwa gidan surukai da rana tsaka.

Na shiga tashar St Pancras saura minti 25. Na ɗora tikitin da ke wayata a kan na'urar ƙofa, ta ƙi buɗewa. Na goge fuskar wayar da hannun riga, na sake. Shiru. Wata ma'aikaciya ta matso ta ce an rufe. Na ce, "Baiwar Allah, ai jirgin bai tafi ba." Ta ce ƙwarai bai tafi ba, ni ne dai ba zan tafi ba.

Ashe ga mai ƙaramin tikiti irin nawa, minti 30 kafin tashi ake rufe ƙofa, kuma a rubuce yake a jikin tikitin da ban karanta ba. Dalilin shi ne a cikin tashar ake ƙetare iyaka. Bayan ƙofar tikiti akwai na'urar binciken kaya, sai duba fasfo na fita, sannan 'yan sandan iyakar Faransa, zaune daram a tsakiyar Landan. Mai fasfon Najeriya sai da bizar Schengen, wato bizar shiga Faransa da yawancin ƙasashen Turai, ta Ingila ba ta yi masa komai a nan. Layukan nan ne ke cin lokaci, shi ya sa mai hankali ke isowa saura awa ɗaya ko ɗaya da rabi. Sauƙin dai, ba a ƙwace ruwan sha kamar a filin jirgin sama, kuma ba a auna nauyin akwati, muddin kai za ka ɗaga kayanka.

Na biya kuɗi aka mayar da ni jirgi na gaba. Ina zaune wani bawan Allah ya hango ƙunshin kilishi a bakin jakata, ya ce tun 2021 an hana shiga da nama ƙasashen Tarayyar Turai daga Birtaniya. Tsarabar aboki ce, amma ya zan yi? Na zauna na cinye shi tas, hawayen yaji na zuba, mutane suna tsammanin jirgin nake yi wa kuka.

Tafiyar kanta awa biyu ce da 'yan mintuna, kusan minti 20 a cikin ramin ƙarƙashin teku mai tsawon kilomita 50 da aka buɗe a 1994. Na ƙura ido ko zan ga kifi, duhu kawai.

Ranar dawowa na ce ba a sake yi min haka. Jirgi ƙarfe biyar, ni kuwa uku da minti 35 ina cikin tashar Gare du Nord ta Paris, ina hawa bene wajen shiga da taƙama. Sai idona ya faɗa kan agogon tashar: huɗu da minti 35. Faransa tana gaban Ingila da awa ɗaya, lokacin da ke tikiti na garin da kake ne, agogon hannuna kuwa tun Landan ban taɓa shi ba.

Saura minti 25.