Ni da Malam Sashe a Kan Soket Ɗaya

A kowane ofis akwai mutumin da in ka hango shi a baranda sai ka tuna ka manta wani abu a mota, ko da kuwa a Adaidaita Sahu ka zo. Namu shi ne Malam Sashe, sunan da muke kiransa a bayan idonsa. Ko gaisuwa ka yi masa a tsaitsaye, sai ya gyara gilashi ya ce ka saɓa wa sashe kaza na dokar aikin gwamnati. Ya taɓa rubuta ƙorafi a kan Baba masinja saboda ya kawo masa shayi da cokali a ciki. Wata uku ya yi ba ya amsa sallamar akanta, duk a kan kujera mai juyawa. Yana mataki na 12, ni ina na 8, kuma teburina ne ke kallon nasa, don haka da ni yake karya kumallo kullum.

Na daɗe da samo maganin zama da shi. Duk abin da ya faɗa sai in ce, "Haka ne, Yallabai." Ko cewa ya yi dutsen Dala a Zariya yake, haka ne, Yallabai. Shekara biyu muna tafiya a haka lafiya lau.

Sai ga watan Oktoban 2024, lokacin da layukan da ke kawo wa Arewa wuta suka lalace, Kano ta shiga duhu fiye da mako guda. Litar fetur ta haura naira 1,000, ƙanƙara ta zama sai wane da wane, masu cajin waya a unguwa kuwa har yanga suke yi wa mutane. A ofis aka ce za a riƙa tayar da ƙaramin janareta daga ƙarfe 11 zuwa 1. Soket ɗaya tak ke aiki a ɗakinmu, kuma Allah da ikonsa, a bayan kujerar Malam Sashe yake.

Washegari muka tarar ya liƙa jadawali a bango, da sa hannu da kwanan wata. Caji bisa girman mataki. Shi minti 50, na ƙasa da shi minti 30, haka dai ake gangarowa. Kafin layi ya iso kan ɗan mataki na 8, janareta ya yi tari ya kwanta. Kwana uku wayata a mace, uwargida tana zaton da gangan nake kashewa don gudun cefane.

A nan ne shaiɗan ya raɗa mini cewa ni ne zan kawo zaman lafiya. Na biya kasuwar Sabon Gari na sayo ekstenshan mai baki shida. Mai shagon ya rantse ɗan Jamus ne. Na ga rubutun jikin kwalin bai yi kama da na Jamusawa ba, amma kuɗin ya yi kama da aljihuna.

Da safe na shiga ofis kamar wanda ya dawo daga Makka da tsaraba. Hajiya mai buga takardu ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan." Baba masinja ya zaro tocila daga aljihu ya jona. Akanta har da rungume ni. Malam Sashe ya leƙo ta saman gilashi.

"Wa ya ba ka izinin shigo da kayan lantarki ofishin gwamnati?"

"Haka ne, Yallabai," na ce, don bakina ya riga ya saba.

Ya yi shiru yana kallon baki ɗaya da ya rage. Can sai ya buɗe durowa ya fito da butar shayi ta lantarki, irin mai jan wuta kamar injin niƙa, ya cika ta da ruwa ya jona. Ban ce uffan ba, wa ya isa? Ba a yi minti biyu ba warin ƙonanniyar roba ya cika ɗakin. Sai ji muka yi tas! Hayaƙi ya tashi, Hajiya ta yi waje da takalmi ɗaya tana salati, janareta ya yi wata irin ƙara ya mutu. Caja uku suka ƙone, har da ta Malam Sashe. Daga ɗakin Oga muka jiyo ihu, ashe yana tsakiyar aiki a kwamfuta bai adana komai ba.

Kafin azahar an kafa kwamitin bincike na mutum uku. Da yake Malam Sashe ne babba a ɗakinmu, shi aka ba shugabanci. Da aka kira ni na tattaro ƙarfin hali na ce, "Yallabai, ai butar nan..."

"Kai ake tuhuma, ba buta ba."

Rahoton ya cika shafi huɗu. Na karanta shi sau biyu, ko sau ɗaya kalmar buta ba ta fito ba. Ekstenshan ɗina kuwa an sa shi a leda an rubuta masa lamba, wai shaida ta ɗaya. Aka yanke in biya kuɗin mai gyaran janareta, in sayi caja uku, in kuma rubuta takardar ban haƙuri. Sai da ya dawo mini da ita sau biyu saboda ban sa waƙafi a inda ya dace ba.

Wuta ta dawo tuntuni, an gyara sauran soket ɗin, amma jadawalin nan yana nan a bango, babu mai ƙarfin halin ɓamɓare shi.

Makon jiya, bayan kowa ya tafi sallar la'asar, Malam Sashe ya matso kusa da teburina, ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Malam, wai wannan ekstenshan ɗin naka, a ina ka saya? Ina son irinsa a gida, na ga yana da baki da yawa."

Na yago takarda na zana masa taswirar shagon, layi da kwana, har na ce ya faɗa wa mai shagon ɗan Jamus yake so.