Maɓallin da Ya Ƙi Ƙiba

Goggona mai sayar da turaren wuta ta ji labarin ina koyon haɗa shafukan intanet, sai ta sa in yi mata nata, da sharaɗin cewa maɓallin da aka rubuta wa "Saya yanzu" ya zama ƙato, yadda ko wanda ya manta tabaronsa a gida zai gan shi. Na rubuta shi da alamar a, wadda ake yin mahaɗi da ita a shafi, na shiga CSS, inda ake tsara kamannin shafi, na ba shi faɗin 300px (px ma'aunin girma ne a allo), amma da na sabunta shafin sai na tarar da shi a tsuke, ya manne wa kalmominsa biyu. Na ƙara zuwa 900px, ko gezau. Haushi ya sa na rubuta 3000px, na kashe kwamfutar na kunna, har na fara zargin ƙurar hunturu.

Ƙanwata, wadda ba a tambaye ta ba, ta leƙo ta ce, "Yaya, ai alamomin a da span da strong 'yan cikin layi ne, wato inline, ba ruwansu da faɗi ko tsawon da ka rubuta musu." Ta ce irinsu div da p da h1, waɗanda ake kira block, tamkar fasinjan da ya biya kuɗin kujera gaba ɗaya ne, ba ya zama da kowa a layinsa, alhali 'yan inline suna matsuwa ne tsakanin kalmomi, kowanne da iya wurin da rubutunsa ya ci.

Na rubuta display: block cikin isa, kuma a nan ne 3000px ɗin da ke kwance ya farka. Maɓallin ya miƙe ya fice daga allo ta hannun dama, sai an yi ta jan shafin kafin a ga ƙarshensa. Da na rage shi, sai ya kori maɓallin "Kira mu" zuwa layin ƙasa, har sai da inline-block ya sasanta su, domin shi yana karɓar faɗi kuma yana yarda da maƙwabci.

Da yamma Goggo ta duba aikin a wayarta, ta yamutsa fuska ta ce, "Kai ɗan nan, ina wancan dogon da ƙanwarka ta turo mini hotonsa? Shi nake so, mayar mini da shi."