Lambar yabon da ba ta leƙa cikin buhu ba

A ofishin wata ƙungiyar masu casar shinkafa a karkarar Kano, na ga allunan karramawa har uku jere a bango. Ina fitowa, ga shanshera an baza a bakin kwalta, awaki na ratsawa, babura na watsa mata ƙura. Uwar gidan da ta auni kwano biyu sai ta cinye hantsi tana tsince tsakuwa a faifai. To wanda ya ba da lambobin nan, me ya duba?

Bai duba komai ba. An kira shugaba wani otal a birni, an ɗauki hoto, an tafa. Abin yana min ciwo, domin mutanen nan ba ragwaye ba ne, ba su dai samu mai gaya musu inda gyara yake ba.

A wasu ƙasashe akwai lambobin yabo na ingancin aiki da sai an tantance kamfani kafin a ba shi: Japan ta fara ba da lambar Deming a 1951, Amurka ta kafa ta Baldrige a 1987. Tsarin Baldrige da aka daɗe ana bi maki 1,000 ne, 450 daga ciki na sakamakon aiki ne tsantsa. Sauran sun shafi shugabanci, kula da ma'aikata, sauraron masu saye da makamantansu. Masu tantancewa kan taka har wurin aikin waɗanda suka yi zarra. Abin da ya fi burge ni shi ne, wanda bai ci ba ma ana ba shi rahoton inda ya gaza.

Wani zai ce ai wannan sai manyan kamfanoni. To a tuna, a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari. A wurin ajiya ake zuba maganin nan, kuma riɗi da zoɓorodon Maigatari ma idon masu saye na kansu.

Ina ganin KNARDA da JARDA, hukumomin bunƙasa noma da raya karkara na jihohin Kano da Jigawa, za su iya fito da tamu lambar, daidai ruwa daidai tsaki. Malamin gona ya je ba sanarwa, ya zura hannu cikin buhu, ya auna danshi, ya duba ko an bubbuge gindin kwanon awo, ya buɗe littafin kuɗi, ya tambayi mata masu turara ko ana biyan su a kan kari. Ƙungiyar da ta ci a ba ta injin cire tsakuwa da tamfol na shanya. Wadda ta faɗi a karanta mata rahotonta da Hausa a gaban mambobinta, a dawo baɗi bayan girbi a sake dubawa.