Mu kai yaran lakwal bakin tabki da kanmu

Akwai wata fatsa a akwatin teburina, yau shekara shida ke nan. Hannun wani ɗalibina ɗan CM1, wato aji biyar na firamare, na ƙwace ta, wata safiya a farkon Oktoba, lokacin da kududdufan garin nan na Damagaram suke cike fal da ruwan damina. Ya shigo aji a makare, wandonsa jiƙe har gwiwa, taɓo a ƙafa. Da na laluba jakarsa sai ga zare naɗe a jikin kara, da ƙugiyar da ya lanƙwasa da kansa daga wayar keke, da guntun soson silifa da ya yanka don ya riƙa yawo a kan ruwa. Na zane shi a gaban ƴan ajin. Bai yi kuka ba. Da aka tashi ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Mushe, don Allah ƙugiyar kawai za ka ba ni, kwana biyu na yi ina gyara ta." Na hana shi. Har yau abin yana ci mini rai, domin wannan yaron da ba ya iya karanta layi biyu ba tare da ya tsaya ba, ya ƙera abin da ni malaminsa ban iya ba, kuma bulala ce ladan da ya samu.

Shi ya sa nake cewa, da babbar murya, a riƙa koya wa yaran firamare kamun kifi da fatsa, a cikin tsarin karatunsu, malami yana tsaye, masunci yana tsaye.

Na san abin da za a fara faɗa. Damagaram da mata ke kwana a layin famfo, ƴan ga-ruwa na tura kura tun asuba, ita ce za a yi wa maganar kifi? To ai duk wanda ya taɓa fita daga unguwannin Birni da Zango ya san jihar nan tana da ruwa kwance. Ka ɗauki hanyar Mirya ka wuce Gidimuni ka ga tabki, da dabino da lambuna a gefensa. Ga tabkin Lasuri. Ga kwarin Korama da ya ratsa ƙasar Matamai da Magarya, inda ake rake. Akwai masu cin abinci da su a wuraren nan, kuma ma'aikatan gandun daji sukan zuba irin kifi a tabkuna. A cikin gari ma ramukan da aka haƙa ƙasar gini suna riƙe ruwa watanni bayan ɗaukewar damina.

Kuma yaranmu suna zuwa can. Wannan ita ce maganar da ba mu so mu faɗa. Mun hana, mun doka, liman ya yi magana, mai unguwa ya yi, suna zuwa dai, a ɓoye, tsakar rana lokacin da babu babba ko ɗaya a bakin ruwa. Kusan kowace damina sai an ji kuka a wata unguwa, an tsamo ɗan wani. Yaron da yake zuwa a sace ba zai tambayi kowa ina ne ke da zurfi ba, in abokinsa ya nutse kuma sau da yawa gudu zai yi gida ya yi shiru, don yana tsoron duka.

Sai tsargiya. Duk malamin da ya koyar a ƙauyen da ke bakin tabki ya ga yaro yana fitsarin jini, wasu ma suna ɗaukar abin alamar girma ne. Ana zuwa lakwal a raba ƙwayar magani, yara su haɗiye, washegari su koma cikin ruwan. Cutar tana da hanyarta: mai ita ya yi fitsari a tabki, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin ƙaramar katantanwa, ya fito daga nan ya huda fatar duk wanda ya tsaya a ruwan. Na zana wannan a allo ban san iyaka ba, suna haddacewa su rubuta a jarrabawa. Amma ka kai yaro bakin ruwa, ka ɗaga ciyawa da sanda ka nuna masa katantanwar da idonsa, ka ce ga ta nan, ita ce, wallahi ba zai manta ba. Mai fatsa kuwa a gaɓa yake zaune, ƙafarsa a busasshiyar ƙasa. Masu jan gidan sauro a cikin ruwa har ƙirji, waɗanda suke kwashe ƙananan kifi da ƙwai gaba ɗaya, su ne ke kwasar cuta.

Bara na je Gidimuni gaisuwar rasuwa, da la'asar na sauka bakin tabkin. Na tarar da wani dattijo yana gyaran raga, jikokinsa uku kewaye da shi. Na ce, "Baba, sannu da aiki." Ya ce, "Yauwa ɗana, zauna." Ƙaramin cikinsu ya kamo karfasa, dattijon ya karɓa ya danna bakinta da yatsa a hankali, sai ga ƙwai cike da bakin. Ya ce wa yaron, "Wannan uwa ce, mai da ta." Yaron ya tura baki, amma ya sake ta. Daga nan hira ta kai mu kan gaiwa, yadda take haƙa rami a taɓo in ruwa ya ja baya, ta lulluɓe kanta da yauƙi ta kwanta duk rani tana shaƙar iska har ruwa ya dawo. Ya gaya mini tarwaɗa ta fi cin tana da daddare ko bayan an yi ruwa. Shekara ashirin ina koyar da darasin halittu, ban taɓa ganin yara sun yi tsit haka ba. Dattijon nan bai san ko harafi ɗaya na boko ba, amma da ni ne mai iko da na sa an biya shi ya shigo aji.

Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Ina murna da hakan. Sai dai wace Hausa za mu koyar in yaro bai san koma ba, bai san birgi ba, bai san gora da masunci ke hawa ba, bai taɓa jin an ce sarkin ruwa ba? Kalmomin nan a bakin tabki suke raye. Lissafi ma yana nan: a auna kifin da ma'auni, a ɗora a sikeli, a rubuta, a tambayi nawa ake sayar da kashi a kasuwa, a fitar da kuɗin ƙugiya da zare.

Kada a bar ƴan mata a baya. Su ne ke zuwa wanki da ɗibar ruwa a wuraren nan, sun fi kowa tsoma ƙafa.

Abin ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Sanda, zare, ƙugiya, gwangwanin tana. Jika ɗaya ta isa haɗa fatsa da yawa. Yara goma a lokaci guda, manya uku, ɗaya cikinsu gwanin iyo ne riƙe da igiya, iyaye sun yarda, sarkin ruwa da ma'aikacin gandun daji sun san da zuwan. Ba wanda zai shiga ruwa. Makarantun da ke kusa da tabki su fara, daga Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da ruwa ya kwanta kuma rana ba ta yi zafi ba.

Na kai maganar gaban kwamitin iyayen makarantarmu. Wata uwa ta miƙe ta ce, "Mushe, in ɗana ya faɗa ruwa wa zan riƙe?" Na ce ni za ta riƙe, kuma zan sa hannu a takarda. Ba su yanke shawara ba tukuna, an ɗage zuwa zama na gaba. Shi kuwa mai fatsar ya bar lakwal bayan CM2, ajin ƙarshe na firamare, an ce yana tura kurar ruwa a Sabon Gari. Ina neman wanda zai haɗa ni da shi, in mayar masa da ƙugiyarsa, in kuma roƙe shi ya zo ya nuna wa ƴan ajina yadda ake lanƙwasa ta.