Barcin rana ba ya biyan bashin na dare

Wani labari ya ce aikin dare na cutar da ma'aikatan jinya, amma bai taɓo yawan sauya musu lokaci ba. Wadda ta kwana aiki yau, jibi a ce ta fito da asuba, ita ke shan wuya. Hasken fitilun asibiti yana danne sinadarin melatonin mai jawo barci, ta koma gida ta ja labule, barci ya ƙi zuwa. Ga tsayuwar awa 12, ga ɗaga majinyaci ita kaɗai, baya ya riƙe, ƙafa ta kumbura. Tun 2007 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta ce mai yiwuwa irin wannan aiki na haddasa cutar. Masu tsara jadawali, don Allah ku jera shi safe, yamma, sannan dare, da hutu tsakani.